Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙasar Sakkwato

Duk mai haƙar rijiya ya san cewa cikin ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Da fari zai tarar da ƙasar noma. In ya wuce ta, sai ya iske jar marmara mai tauri. In ya fasa marmara, wataƙila ya faɗa wa yumɓu. Bayan yumɓu kuma ga yashi, ko wani farin dutse. Kowane iri yana kwance bisa ɗan'uwansa, kamar tabarmi da aka jibga wata kan wata.

A wasu wurare na ƙasar Sakkwato, kamar Kalambaina da Dange da Wurno, akwai wani abin mamaki. In aka fasa farin dutsen nan, sai a ga katantanwa a ciki, ta zama dutse. Wani lokaci a tsinci haƙorin kifi, ko ƙashin bayan wata dabba da ba a san irinta ba. Waɗannan ba halittun gulbi ba ne. Halittun teku ne. Alhali kuwa daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000 a mota.

To, me ya kawo su nan? Masana ilmin duwatsu sun daɗe suna bincike a kan wannan. Abin da suka gano shi ne, a can zamanin da, teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato har sau biyu. Shimfiɗun dutse da yashi da yumɓu da ke ƙarƙashin gonaki su ne shaida. Sanin waɗannan shimfiɗu ba don jin labari kawai ba ne. Su ne ke sa rijiyar wani gari ta yi ruwa mai daɗi, ta wani garin kuma ta yi ruwa mai ɗaci ko ta rufta.

YADDA SHIMFIƊA KE SAMUWA

Manomin fadama ya san abin da ambaliya ke yi. In gulbi ya cika ya yi ambaliya, yakan ɗauko yashi da laka daga nesa. In ruwan ya janye, sai a ga sabuwar laka ta kwanta bisa gona. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka. Kowace shekara tana barin tata shimfiɗa.

Ana iya gwada wannan a gida. A sami kwalba mai haske, a zuba mata ƙasa har kusan rabi. A cika ta da ruwa, a rufe, a girgiza sosai, sa'an nan a ajiye. Nan da nan tsakuwa za ta kwanta a gindin kwalbar. Yashi zai biyo baya. Laka kuwa sai ta yi awoyi, ko ta kwana, kafin ta kwanta a sama. Da safe za a ga layi-layi a jikin kwalbar.

Wannan gwaji yana koyar da abu biyu. Na ɗaya, ruwa mai ƙarfin gudu shi ke iya ɗaukar tsakuwa da yashi mai kauri. Laka mai laushi ba ta kwanciya sai a ruwan da ke tsaye lumui. Saboda haka in aka ga tsakuwa a cikin shimfiɗa, an san kogi mai gudu ya bi ta wurin. In aka ga yumɓu mai laushi, an san ruwa ne kwantacce, kamar tafki ko teku. Na biyu, abin da ke can gindi shi ya riga kwanciya. Na sama shi ne sabo. Wato in ana haƙa rijiya, ana komawa baya ne cikin zamani.

In shimfiɗu suka yi yawa, na sama sukan danne na ƙarƙashi da nauyinsu. Ruwan da ke ciki ya matse ya fita. Wasu sinadarai da ke cikin ruwan su liƙe ƙwayoyin yashi da juna, kamar yadda siminti ke kama yashi. A hankali yashi ya zama dutsen yashi. Laka ta zama taurarren yumɓu mai ɓantarewa falle-falle. Ɓawon katantanwa da na sauran ƙananan halittun ruwa kuma ya zama farin dutse, wanda ake kira dutsen farar ƙasa.

Wannan aiki ba na shekara 100 ba ne, ba kuma na shekara 1,000 ba. Masana suna lissafa shi da miliyoyin shekaru. Miliyan 1 shi ne dubu sau dubu. In mutum zai ƙirga ƙwayar gero ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya kai miliyan 1. In kuwa miliyan 60 zai ƙirga, sai ya yi kusan shekara 2.

ƘATON AKUSHI

A gabashin ƙasar Sakkwato ta da, wato wajen Gusau a Jihar Zamfara ta yanzu, akwai falalen duwatsu masu tsananin tauri. Waɗannan ba ruwa ne ya shimfiɗa su ba. Zafi da matsi na can cikin ƙasa ne suka samar da su, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Su ne harsashin da kome ke zaune a kai.

In aka nufi yamma, wannan harsashi yana nutsewa cikin ƙasa sannu a hankali. Ya yi loko kamar ƙaton akushi. A cikin wannan akushi ne ruwa ya yi ta zuba yashi da laka har ya cika. Masana suna kiran wurin Kwarin Sakkwato. Ya ƙunshi yawancin Jihar Sakkwato da Jihar Kebbi, da wani yanki na Jihar Zamfara. Amma bai tsaya a kan iyaka ba. Kwarin Sakkwato gefe ɗaya ne kawai na wani babban kwari da ya mamaye yammacin Jumhuriyar Nijar, ya shiga Mali da Aljeriya da Binin. Wannan babban kwari an sa masa sunan wata ƙabilar Buzaye, ana ce masa Iwillimidan.

Shimfiɗun da ke cikin akushin ba a miƙe sosai suke kwance ba. Sun ɗan karkata, suna gangarawa wajen arewa maso yamma. A ɗauki faya-fayi 5, a jera su a ɗan jingine, bakin kowane yana leƙowa daga ƙarƙashin na samansa. Haka suke. Saboda wannan karkata, ba sai an haƙa rami mai zurfi ba kafin a ga kowace shimfiɗa. Matafiyin da ya tashi daga Gusau ya bi ta Talata Mafara da Dange da Sakkwato har Birnin Kebbi, zai taka su ɗaya bayan ɗaya, daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Masana sun raɗa wa kowace shimfiɗa sunan garin da aka fi ganinta sarai. Shi ya sa sunayen ƙauyuka irin su Taloka da Dukamaje da Kalambaina suke cikin littattafan ilmin duwatsu a ƙasashe masu nisa. Ga su nan bi da bi, daga ta can gindi.

ZAMANIN KOGUNA: GUNDUMI DA ILLO

Shimfiɗar farko da ta kwanta bisa harsashi ita ce ta Gundumi. An sa mata sunan Dajin Gundumi. Ana ganinta a wajen Bakura da Tureta. Tsakuwa ce da yashi mai kauri, gauraye da yumɓu mai launi iri-iri. A wasu wurare kaurinta ya kai wajen mita 300. Mita 1 kamar dogon taki ɗaya ne na babban mutum.

Tsakuwar da ke ciki mulmulalliya ce, irin wadda ruwa ya yi ta gungurawa. Wannan ya nuna koguna ne suka kawo ta daga kan tsaunukan gabas. Babu katantanwar teku a ciki. Abin da ake samu shi ne guntayen itatuwa da suka zama dutse. Mutum zai ga zanen itace sarai a jikinsu, amma in ya ɗaga sai ya ji nauyin dutse. A lokacin nan ƙasar tana da koguna da tafkuna da manyan itatuwa.

A kudu, wajen Illo kusa da kogin Kwara, akwai ƙawarta da ake kira shimfiɗar Illo. Zamaninsu ɗaya. Ita tana da farin yumɓu mai dunƙule-dunƙule. Masana suna ƙiyasta shekarun waɗannan biyu da wajen miliyan 100 ko fiye.

ZUWAN TEKU NA FARKO: TALOKA, DUKAMAJE DA WURNO

Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, duniya ta fi yanzu zafi. Babu tarin ƙanƙara mai yawa a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya kamar yadda yake a yau. Ruwan teku ya yi tashin da ya wuce na yanzu nesa ba kusa ba. Sai ya shiga malala cikin wurare masu kwari. Wani reshe nasa ya taso daga arewa, daga wani tsohon teku da ke wajen da Bahar Rum yake yanzu. Ya ratsa inda hamadar Sahara take a yau, ya biyo ta Mali da Nijar, ya iso ƙasar Sakkwato. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi ƙwarai.

Bai zo dare ɗaya ba. Da fari ƙasar ta zama bakin gaɓa, inda ruwa ke hawa yana sauka. A nan ne yashi mai laushi ƙwarai da laka suka kwanta, falle bisa falle. Wannan ita ce shimfiɗar Taloka, sunan wani ƙauye kusa da Goronyo. Tana da kauri, a wani wuri ta fi mita 100.

Da ruwa ya ƙara hawa, sai wurin ya zama cikin teku sosai. Aka sami baƙin yumɓu da 'yar shimfiɗar farin dutse a tsakani. Wannan ita ce shimfiɗar Dukamaje, sunan wani gari a ƙasar Gada. Ba ta da kauri, ba ta kai mita 30 ba. Ta fi bayyana a arewa. In aka nufi kudu maso yamma sai ta yi ta sirancewa har ta ɓace. Wato tekun farko bai yi nisa zuwa kudu ba.

Shimfiɗar Dukamaje ƙarama ce, amma ta yi suna saboda ƙasusuwan da ke cikinta. Akwai haƙoran kifin shak, mai cin naman nan na teku. Akwai ƙoƙon bayan ƙififiya. Akwai ƙashin wani irin kada, wanda a 1975 aka raɗa masa suna Sokotosuchus, wato kadan Sakkwato. Akwai kuma wata ƙatuwar dabbar teku, dangin damo da guza, mai dogon baki cike da haƙora. Ba ta da ƙafafun tafiya, sai wasu fukafukan iyo masu kama da filafilin kwalekwale. An fara bayanin ƙasusuwanta a 1930. Daga baya wasu masana daga ƙasar Italiya suka tono ƙarin ƙasusuwa a ƙasar Goronyo. A 1972 suka sa mata suna Goronyosaurus, ma'ana ƙadangaren Goronyo. Irin wannan dabba ta ƙare a duniya tun wajen shekara miliyan 66 da suka wuce.

Sa'an nan tekun ya ja da baya. Wurin ya sake zama bakin gaɓa. Yashi mai laushi ya sake kwanciya bisa baƙin yumɓun. Wannan ita ce shimfiɗar Wurno. Ta yi kama da ta Taloka ƙwarai. Inda babu ta Dukamaje a tsakaninsu, da wuya a raba su. Waɗannan uku a haɗe ana kiransu Rukunin Rima, don gulbin Rima ya ratsa ta cikinsu.

ZUWAN TEKU NA BIYU: DANGE, KALAMBAINA DA GAMBA

Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya komo. Wannan karon ya fi na farko nisa da faɗi.

Abin da ya fara kwanciya shi ne yumɓu mai laushi, mai launin toka ko rawaya-rawaya. Ita ce shimfiɗar Dange. Ana ganinta a gangaren tudun da ke kusa da garin Dange, a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau. A cikinta akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar gilashi, mai taushin da farce ke iya karce shi. Sunansa jibsam. Yana samuwa ne daga gishirin da ke cikin ruwan teku. Akwai kuma wasu dunƙule-dunƙule da ake kira fosfet. Fosfet shi ne tushen takin zamani da manoma ke kira Supa. Asalinsa daga ƙasusuwa da haƙora da kashin halittun teku ne.

Bayan wannan sai ruwan tekun ya washe. Laka ta daina shigowa da yawa. Ruwa mai haske da ɗumi shi ne abin da halittu masu ɓawo suke so. Suka yaɗu ba iyaka. Akwai dodon koɗi iri-iri. Akwai masu ɓawo biyu irin makankari. Akwai wata halitta mai ƙaya a jiki da ake kira bushiyar teku. Akwai kuma wasu mitsi-mitsi da ba a gani sai da madubin ƙara girma. In sun mutu, ɓawonsu ya nutse ya taru a gindin teku. Tarin ɓawon nan shi ya zama farin dutsen Kalambaina.

Kalambaina gari ne a ƙasar Wamakko, dab da birnin Sakkwato. Kaurin dutsen ya kai wajen mita 20, wato kamar gaba 11 a awon masu haƙar rijiya. A duba wannan da kyau. Tudu ne mai tsawon gaba 11, shimfiɗe a ƙasa mai faɗi, kuma yawancinsa ɓawon ƙananan halittu ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna daɗewar da tekun ya yi a wurin.

Mai son ya gane farin dutsen nan yana iya gwada shi. Ya kankare ɗan garinsa da wuƙa, ya matsa masa ruwan lemun tsami. Zai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa. Dutsen yashi zalla ba ya yin haka.

A bisa farin dutsen akwai wata siririyar shimfiɗa ta yumɓu mai ɓantarewa kamar takarda. Ita ma tana da fosfet. Ana kiranta shimfiɗar Gamba. Ita ce ta ƙarshe da teku ya bari. Dange da Kalambaina da Gamba a haɗe su ne Rukunin Sakkwato. Wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, tekun ya janye daga wannan yanki, bai sake komowa ba.

BAYAN TAFIYAR TEKU: GWANDU

Da teku ya tafi, koguna da tafkuna suka karɓi aiki. Suka yi ta zuba yashi da jan yumɓu bisa abin da tekun ya bari. Wannan ita ce shimfiɗar Gwandu. Ita ce ta sama, ita ce kuma ta rufe yammacin kwarin, wajen Gwandu da Argungu da Birnin Kebbi. Tana ƙara kauri in an nufi iyakar Nijar, har ta kai wajen mita 300. Babu katantanwar teku a cikinta. A wasu rijiyoyin burtsatse an tarar da baƙin abu mai kama da gawayi a ciki, wanda ragowar tsire-tsiren fadama ne.

Daga baya aka yi dogon zamani na ruwan sama mai yawa da zafin rana. Ruwa ya wanke abubuwa masu saurin narkewa daga saman ƙasa, ya bar ƙarfe. Ƙarfen ya yi tsatsa ya daskare, ya zama jar marmara. Marmara ta zama kamar hula a kan shimfiɗar. Inda hular ta fashe, ruwa ya zaizaye yashin da ke ƙarƙashi. Inda ta tsaya, sai aka sami tudu mai shafaffen kai kamar tebur. Irin waɗannan tuddai suna da yawa a Jihar Kebbi. Duwatsun Dogon Dutse a Nijar ma irinsu ne. Daga irin wannan jan dutse mai nauyi ne maƙeran da suke samun tama, su narke ta su fitar da ƙarfe.

INA AKA SAN SHEKARUN?

Mai karatu yana iya tambaya, wa ya ƙirga waɗannan shekaru? Hanya biyu ake haɗawa. Ta ɗaya ita ce duba halittun da ke cikin dutse. Kowane zamani yana da irin halittunsa. In wani iri ya ƙare, ba ya sake dawowa. In aka sami katantanwa iri ɗaya a Kalambaina da kuma wata ƙasa mai nisa, an san duwatsun biyu tsara ne.

Ta biyu ita ce awo a ɗakin bincike. Akwai wasu sinadarai a cikin dutsen da aman wuta ya fitar, waɗanda ke rikiɗa zuwa wani abu dabam sannu a hankali, bisa ƙa'ida da ba ta canzawa. In aka auna yawan wanda ya rikiɗa da wanda ya rage, sai a san shekarun dutsen. A wasu ƙasashe ana samun irin wannan dutse a tsakanin shimfiɗu masu katantanwa. Daga nan ake sanin shekarun katantanwar, sa'an nan a kwatanta da ta Sakkwato.

ABIN DA YA SHAFI RIJIYA

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba a cikin wani kogi yake gudu ba. Yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, da cikin tsagar dutse. Yashi mai kauri yana riƙe ruwa, yana kuma sakinsa da sauƙi. Yumɓu kuwa yana tare ruwa, kamar gindin randa. A shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Nijeriya da na Amurka sun haƙa rijiyoyin gwaji da yawa a wannan kwari. Aka buga rahotonsu a 1973. Ga abin da aka sani game da kowace shimfiɗa.

Shimfiɗar Gundumi tana da ruwa a cikin tsakuwarta da yashinta mai kauri. In rijiya ta faɗa wa tsakuwar, takan ba da ruwa mai kyau.

Yashin Taloka da na Wurno yana da ruwa, amma ya cika laushi. Yakan zubo cikin rijiya, ya sa bango ya rufta. Rijiya a irin wannan wuri tana bukatar ɗauri da zoben siminti tun ana haƙa. A wasu wurare kuma ruwan yana da ƙarfe a ciki. Irin wannan ruwa yakan yi ja in ya kwana, ya ɓata farin tufafi.

Yumɓun Dukamaje da na Dange ba sa ba da ruwa. Ɗan abin da ya tsatso daga cikinsu yakan yi ɗaci saboda jibsam.

Dutsen Kalambaina yana da tsaga da ramuka, don ruwan sama yana cinsa a hankali. Ruwan damina yakan shiga ta tsagar ya gangara. In ya kai yumɓun Dange sai ya tsaya, ba hanya. Shi ya sa garuruwan da ke kan farin dutsen suke samun ruwa a rijiya marar zurfi. Shi ya sa kuma ake ganin idon ruwa a gefen tuddai, daidai inda farin dutse ya haɗu da yumɓu. Amma wannan ruwa ɗan rataye ne a sama. Wanda ya ga ruwa ya ragu da rani ya ce bari ya ƙara zurfi, in ya wuce farin dutsen zai shiga yumɓu ne, ba ƙarin ruwa. Ruwan farin dutse kuma ba ya kumfa da sabulu sosai, yana barin farin abu a gindin buta. Wannan narkakken dutsen ne kawai.

Shimfiɗar Gwandu ita ce ta fi kowace ruwa. A tsakiyarta akwai yumɓu da ya danne yashi mai ruwa. Ruwan ya shigo daga wuri mai tudu, ya matsu a ƙarƙashin yumɓun. In aka huda yumɓun da burtsatse, sai ruwa ya taso da kansa cikin bututu. A wasu fadamun gulbin Sakkwato, wajen Argungu da Birnin Kebbi, an sami rijiyoyin da ruwansu ya yi ta ɓulɓulowa ba tare da famfo ba.

SIMINTI DAGA ƁAWON KATANTANWA

Farin dutsen Kalambaina shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Sakkwato. An kafa kamfanin a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967. A yau kamfanin BUA ke riƙe da masana'antar. Ana fasa dutsen, a niƙa shi tare da yumɓu. A gasa su a wata ƙatuwar murhu mai juyawa, da zafin da ya kai wajen digiri 1,450. In abin ya huce, a sake niƙa shi da ɗan jibsam. Jibsam shi ke hana siminti daskarewa nan take, ya ba magini lokacin aiki. A Malbaza ta Jumhuriyar Nijar ma akwai masana'antar siminti. Farin dutsen da take amfani da shi, wannan tekun ne ya bar shi. Saboda haka buhun simintin da ake ɗaure rijiya da shi, asalinsa ɓawon halittun teku ne.

ABIN LURA

Kafin jama'ar gari su tara kuɗi su fara haƙar rijiya, ya kamata su binciki abin da ke ƙarƙashinsu. A tambayi tsofaffin mahaƙa abin da suka tarar a rijiyoyin da ke kusa, da kuma gaba nawa suka yi kafin su kai ruwa. A nemi shawarar ma'aikatan ruwa na ƙaramar hukuma. In an fara haƙa, a riƙa ajiye ɗan samfurin kowace shimfiɗa a jere a gefe. Wanda ya iya rubutu ya rubuta launinta da zurfinta a littafi. Wannan littafi zai amfani masu haƙa ta gaba.

A wurin da ke da yashi mai laushi, kada a bar mahaƙi ya yi zurfi ba ɗauri. Rai ya fi kuɗin siminti. A wurin da ke kan farin dutse kuwa, a nisanta masai da bola da turken dabbobi daga rijiya, aƙalla mita 30, kuma kada su kasance a tudun da ke gangarowa wajen rijiyar. Yashi yana tace ƙazanta, amma tsagar dutse ba ta tacewa. Abin da ya shiga ta nan yana iya fitowa a guga.

Wanda kuma ya ci karo da manyan ƙasusuwa a cikin dutse, kada ya farfasa su. Ya bar su yadda suke, ya lura da wurin, ya sanar da mai gari don a kai labari ga jami'a ko gidan tarihi. Da irin waɗannan ƙasusuwa ne aka san abin da ya faru a ƙasar Sakkwato tun kafin a sami ɗan Adam a cikinta.